Na Ɗaure Ragon Suna a Famfon Gobara

Jami'in kashe gobara na tsaye a ƙofar gidanmu, ya kalle ni, ya kalli ragon.

Lokacin gasar kofin duniya ne a ƙasar Larabawa. Tsadar haya ta kore mu daga unguwar Al-Sadd zuwa bayan gari, inda daga mu sai rairayi. Maiɗakina ta haihu, na sayo ragon suna. Sai na ga wani ƙarfe ja kafe a bakin ƙofa, na ɗaure ragon a jikinsa. Na ce kai, Larabawan nan da karamci suke, har turke suke kafa wa ɗan haya!

Jami'in ya nuna ƙarfen. "Ka san mene ne wannan?"

Na ce, "Turke mana."

"Famfon gobara ne. In wuta ta tashi, nan kaɗai za mu ja ruwa a yankin nan. Ko sai mun nemi izinin ragonka? Yalla, maza kwance shi!"

Na tuna jaririyar da ke barci a ciki, nan take na kwance ragon.

Har yau maiɗakina Sarkin Turke take kirana. Don Allah ku ce min ba ni kaɗai na taɓa tafka ƙauyanci a ƙasar mutane ba.