Yadda Malam Abdulbaqi Ya Kashe Ƙarar Fijonsa

Shekara ashirin da bakwai Malam Abdulbaqi ya yi a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Challawa. Daga wani ƙauye kusa da Ringim ya zo Kano yana saurayi, aka ɗauke shi sharar auduga, a hankali ya zama mai gyaran injinan saƙa. A ɗakin nan mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, sai dai nuni da hannu. Shi kuwa sai ya ƙware da wani abu da ba kowa ya iya ba: ya ɗora tafin hannunsa a jikin inji yana aiki, daga yadda ƙarfen ke rawa ya faɗa maka inda noti ya kwance. Ranar da aka rufe masaƙar ya fito da wannan gwaninta, da kunnuwan da rabin jinsu ya tafi.

Bayan gidansa na Panshekara, babu abin da yake ji da shi kamar wata farar Fijo 504 ƙirar shekarun tamanin, wadda ya saya a hannun tsohon manajansu. Ba ta taɓa kwana da ƙura a jikinta ba. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata yakan ɗauki matarsa Safiyatu su tafi Ringim gaida mahaifiyarta.

Babbar 'yarsu Aina'u, wadda ke aiki a wani kamfanin katifa a Sharada, ita ta matsa aka kai shi asibiti, aka sa masa ɗan abin ƙara ji a kunne. A gida abin ya yi masa daɗi ƙwarai, har kukan kaji ya dawo masa. Amma da ya shiga mota sai abin ya tattaro rugugin inji da gurnanin taya da ƙarar ƙofofi ya zuba masa a ka. Dole ya cire shi ya sa a aljihu. Safiyatu mace ce mai son hira a hanya. Ta yi magana, ya ce, "Iye?" Ta ɗaga murya ta sake, ya gyaɗa kai ba tare da ya ji ba. Daga baya ta daina. Ga zafi kuma, don bututun hayaƙi, wato salansa, a ƙarƙashin ƙafafunta ya bi, in rana ta take sai ta naɗe su a kan kujera.

Wata Asabar da safe yana goge gilashi ta fito da jakarta ta ce, "Malam, yau ka huta, zan bi motar haya."

"Me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Awa biyu ina zaune kamar kayan da aka ɗauko, ƙafafuna suna gasuwa. A motar haya ko ba komai na samu abokiyar hira."

Ya kai ta tasha ya dawo, ya ɗauko sifana ya fara kwance kujeru.

Da ya yaye tsohon kafet, sai ya tarar tsatsa ta ci ƙasan motar, ramuka uku har ana hango ƙasa. Shu'aibu mai walda, maƙwabcinsa, ya toshe su, ya kuma ba shi shawarar ya shimfiɗa irin ledar nan mai kwalta da ake liƙe rufin kwano in yana yoyo. Malam ya shimfiɗa ta ko'ina. Ƙarar ta ɗan ragu, ya yi murna, ya lallaɓa Safiyatu ta shiga. Watan Afrilu ne. Kafin su wuce Gezawa kwaltar ta narke, wari ya cika motar, gefen sabon zanenta ya manne da baƙin danƙo. Ba ta yi faɗa ba, sai dai kallon da ta yi masa ya ishe shi.

Kwana huɗu ya yi yana kankare kwalta da kananzir. A rana ta biyar Aina'u ta biyo gida bayan ta tashi daga aiki, ta same shi a tsugune cikin motar da babu kujeru.

"Baba, me ya sa ba ku tambaye ni ba? Ai mu da soso muke kwana muke tashi."

Ta yi masa bayani cewa aikin hawa biyu ne. Da fari a manna wa ƙarfen roba mai nauyi da zafi ba ya narkar da ita, don ya daina rawa. Sannan a ɗora soso mai matsattsen jiki, wanda ba ya shan ruwa, mai fuskar azurfa da ke mayar da zafi. Soson katifa ba zai yi ba, ruwa zai riƙe ya sake kawo tsatsa. Ta samo masa guntayen soson da aka yanke aka bari a wurin aikinsu, da izinin shugaban sashensu. Robar ce ta yi wuyar samu, wadda ta kawo kuma ba za ta rufe ko rabin motar ba.

Malam ya juya robar a hannunsa, ya yi ɗan tunani. "Ba ko'ina ke rawa ba," in ji shi. "Ɗauko makulli, ke za ki tuƙa."

Suka mayar da kujerar direba kaɗai. Aina'u ta kama hanyar Kumbotso, shi kuma yana durƙushe a baya da alli a hannu. Ya dafa nan, ya dafa can: cikin ƙofofi, saman tayoyin baya, rufi, bangon ƙarfen da ya raba inji da ƙafafun direba. Duk inda tafinsa ya ji rawa sai ya zana da'ira. Masu babur suna leƙe suna dariya, bai ma san suna yi ba. Da suka dawo, da'ira goma sha ɗaya ce, robar kuwa ta ishe su har da saura.

Mako biyu yana aikin, da safe kafin rana ta yi zafi. Ya yanka, ya manna, ya murza da gindin kwalba har iska ta fita. Ya ninka soso a gefen da salansa ta bi. Ya sauya robar bakin ƙofofi da ta bushe ta tsattsage. Da ya gama ya ƙwanƙwasa ƙofa, maimakon amon gwangwani sai ta amsa masa da nauyi.

Ƙarshen wata Safiyatu ta shiga, amma tsohon zane ta ɗaura, ko da wani abu. Wannan karon Malam ya bar abin ƙara jinsa a kunne, bai cire ba. Sun wuce Gunduwawa ta sauke ƙafafunta a hankali, ta taka ƙasa, ta bar su a nan. Can ta yi magana ƙasa-ƙasa, ita da kanta: "Oh ni, na manta barkonon Inna a kan turmi."

"Mu saya mata wani a gaba," in ji shi.

Ta juyo ta dube shi. Sai ta kwashe da dariya har da hawaye, shi ma ya taya ta. Daga nan har Ringim bakinta bai huta ba. Da suka dawo ta gaya wa Aina'u cewa yanzu sai ta riƙa lura da harshenta, don Malam ya zama mai jin gulma.

Labari ya bazu a Panshekara. Wani malamin makaranta ya kawo tsohuwar motarsa Bitil, wani ya kawo Marsandi da ya gada. Shu'aibu ya ware wa Malam Abdulbaqi gefe a rumfarsa. Sharaɗin Malam guda ne: sai mai mota ya zaga da shi tukuna, yana baya da allinsa.

A watan da ya wuce Alhassan ya zo, abokin aikinsa na ɗakin saƙa, wanda shi ma kunnuwansa suka tafi tare da masaƙar. Suka gaisa da ihu kamar yadda suka saba, har masu wucewa suka ɗauka faɗa ne. Alhassan ya ce jikokinsa yake kaiwa makaranta a tsohuwar a-kori-kurarsa, yana ganin bakinsu na motsi suna karanta masa hadda, shi kuwa ko harafi ba ya kamawa.

Malam Abdulbaqi ya zaga motar sau ɗaya, ya dafa ƙofarta. "Tayar da ita mu ji," in ji shi. "Gobe kuma ka fara zuwa asibitin da aka kai ni. Kafin su gama da kunnenka, in sha Allahu na gama da ita."