Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Katako

A saman benenmu na unguwar Kurayyat a Jidda, da an idar da Magariba, Kaka Hajjo kan hura gawayi ta ɗora butar shayi, mu zagaye ta. Na zauna da masu labari a Khartoum da Istanbul, ban ga mai jan rai kamarta ba. Amma akwai tatsuniya ɗaya da in ta ɗauko ba ta dariya.

"Ga ta nan, ku riƙe ta da kyau," in ji ta. Wai wani maharbi ya yi wa Bature ɗan Italiya aiki a Asmara kan hanyarsa ta hajji, aka sallame shi da bindiga mai baki biyu, an zana fakara a jikinta. Ya iso Jidda da yunwa, Kura ta tare shi a Bab Makka. Ta juya bindigar, ta taɓe baki. "Ƙirar maƙeran ƙauye ce, ɗan'uwa. Buhun shinkafa, don zumunci." Yunwa ta sa ya karɓa. Da maharbi ya gane an cuce shi ya koma, Kura ta ce, "Ina iƙamarka, takardar izinin zama? In kira 'yan sanda?"

"Sai me, Kaka?"

"Sai ya haɗiye, ya mutu da abin a ransa. Amma matarsa ta riga ta yi ɗigo uku da allura mai zafi a ƙarƙashin katakon gaba na bindigar. Halas, ku sha shayinku."

Sai da na girma na san maharbin kakana ne, mijin Kaka Hajjo, Kura kuwa Alhaji Bala dillali. Aikin tafinta ya kai ni Brescia ta Italiya tare da kafilina, wato ubangidana, mai son farauta. Can maƙeran bindiga suka koya mini cewa ba sheƙi ake dubawa ba. Katakon gaba ake cirewa, a nemi hatimin gwaji mai tauraro, da alamar shekara, da lambar maƙera.

Wata rana bayan na dawo Jidda, 'ya'yan Alhaji Bala suka neme ni in kimanta wata bindiga da tsohonsu ke taƙama da ita. Yana kwance a kujera, bai gane ni ba. Na ga fakara. Na cire katako, ga ɗigo uku. Hatimi da lamba kuwa babu, ya goge su da zarto tuntuni don kada kakana ya kafa shaida. Da hannunsa ya kashe darajarta.

"Nawa za ta yi, yaro?"

"Baba Alhaji, ba hatimi, ba lamba. Wa zai rantse ba ƙirar maƙeran ƙauye ba ce? Buhun shinkafa, don zumunci. Hajjo ta ce in gaishe ka."

Ko kalma ɗaya ta ƙarya ban yi masa ba. A ranar na gane Kaka ba hira take mana ba a gaban gawayin nan, aike take ba mu. Ni kuwa na isar.