Man da Ya Ƙi Yatsa

Gwaggo Ikilima, ƙanwar babana, ta shekara ashirin tana haɗa man shafawa a Gashuwa. Kayan haɗinta farin mai ne da kaki, sai ɗan turare. In ka tambaye ta mene ne kakin nan, sai ta ce, “Ɗan uwan kananzir ne, duk daga ɗanyen man fetur suka fito. Shi dai ya daskare, shi ya sa ya fi hankali.” Da ido take awo, kuma ba ta yarda a tsaya mata a ka in tukunya na kan wuta.

Abin tinƙahonta ɗaya ne, manta ba ya narkewa. Na wasu tun kafin a isa kasuwar Nguru ya zama ruwa.

Da aka sa bikin ’yarta Raudatu da wani ɗan Machina a tsakiyar bazara, sai tsoro ya kama ta. Gwangwani arba’in za ta raba wa dangin ango, kuma a bayan akori-kura za su tafi cikin wannan rana. Ta ce gara ta mutu da a ce man Ikilima ya isa gidan surukai yana tsiyaya. Ta ƙara kaki. Ta leƙa tukunya, ta sake ƙarawa. Na ce, “Gwaggo, anya kuwa?” Ta ce in fita mata daga madafi.

Mai ya isa lafiya lau. Uwar ango, Hajja Mairam, ta buɗe ɗaya a gaban mata, ta sa yatsa, yatsa ya ƙi shiga. Wata ta kawo cokali, cokali ya lanƙwashe. Ba wadda ta yi dariya, abin da ya fi ci wa Gwaggo rai ke nan.

Bayan sati biyu Raudatu ta bugo waya ina zaune.

“Inna, Hajja na gaishe ki. Ta ce a ƙaro ashirin irin wancan.”

Gwaggo ta gyara zama, ta harare ni. “Sun gane shi ke nan?”

“Sun gane. Huda shi suke da ƙusa mai zafi su sa lagwani. Wai ya fi kyandir daɗewa, ga ƙamshi.”

Har na ji tausayin Gwaggo. Can ta ce, “Ki ce mata za a kawo. Zan sa na gaskiya guda ɗaya a ciki, ki kai mata da hannunki. Kada ta ɗauka haka uwarki take.”