Launin Layinmu

Ranar wata Asabar ce da damina, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare. An kwana ana ruwa, lambatun layinmu na Badarawa ya cika ya tumbatsa. Ina durƙushe a rumfar mahaifina ina tara garin katako a buhu, domin matan unguwa suna zuwa ɗiba su hura wuta da shi. Baba kafinta ne, kuma rumfar tasa a jikin katangar gidanmu take. Sai ga wata farar akori-kura ta tsaya, mutum uku suka sauko. Ɗaya ya yi sallama a gajarce, ɗaya ya ja awo daga bakin titi zuwa ginshiƙin rumfar, na ukun ya tsoma buroshi a gwangwanin jan fenti ya zana ƙaton gicciye a kan kwanon rumfar. Suka ce daga hukumar tsara birni suke. Baba na riƙe da zarto, bai ajiye ba har suka tafi.

Abin da ya tsaya wa kowa a rai shi ne, motar ta wuce kantin maganin Alhaji Tanko, maƙwabcinmu na dama, ko kallonsa ba su yi ba. Alhali kwanan nan ya fasa bangon zaurensa ya mai da shi kanti. Kafin la'asar zance ya gama layi cewa turo su aka yi. Inna, mahaifiyata, ta ce ba kowa ba ne sai Alhajin, don ya taɓa ƙorafin ƙarar guduma na hana shi barcin rana. Kakarmu ta ce a'a, a dubi sabon ɗan hayan nan mai fita da jaka kullum da safe, wanda ba wanda ya san inda yake aiki. Wasu kuma suka ce mai unguwa ne ya ba da sunaye.

Layin namu da aka saba da hayaniya sai ya koma na raɗa. A da, idan muka dawo daga Islamiyya, muna zarcewa filin da ke bayan gidaje, inda akwai mangwaro biyu da 'yar gonar masara. Maza na langa da ƙwallo, mu mata muna gaɗa da carafke har a kira magariba. To, a makonnin nan ko a filin sai an ja wa yaro kunne kafin ya fita. "Kar ki faɗi abin da ake yi a gidanmu," haka Inna ke ce mini kullum. Kwanon tuwon da ake miƙawa gidan Alhaji ta kan katanga ya daina tafiya, nasu ma ya daina zuwa. Idan ɗan hayan nan ya yi sallama a majalisar ƙofar masallaci, sai a amsa, hira kuma ta mutu har ya wuce.

Ran nan Baba ya ce in sa kayan makaranta in raka shi ofishin hukumar da ke unguwar Doka, don na fi shi karanta Turanci. Muka hau bas, muka sha zama a benci, daga baya aka shigar da mu wurin wata ma'aikaciya mai tabarau. Ba ta wulaƙanta mu ba. Ta warware wata babbar taswira a kan tebur, duk an shafe ta da launuka. Ta ce rawaya wurin gidajen zama ne, ja na kasuwanci, ruwan toka na masu sana'ar ƙira da inji, kore kuma fili ne da ba a gini a kai. Ta ɗora yatsa a kan layinmu, rawaya ne. Ta ƙara da cewa rumfar ta shiga tazarar da doka ta ce a bari tsakanin titi da gini. Ni dai idona na kan ɗan koren da ke bayan layin, na gane filinmu ne, har na ji daɗi.

Baba ya daɗe yana kallon taswirar, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, shi kantin maƙwabcina wane launi ne?"

Ta ce, "Ya nemi a canza masa, Malam, an kuma amince."

"Ashe launin yana canzawa?"

"Yana canzawa, idan an bi hanya."

"Wa ke canza shi?"

Ta cire tabarau ta goge, ta ce akwai kwamiti, ta fara naɗe taswirar. A bas, da muka kusa gida, Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Hadiza, dokar ba ta da laifi. Ni dai hannun da ke riƙe da ita nake son gani."

Bai jira katafila ba. Da hannunsa ya zare ƙusoshin rumfar, ya jera kwanon da katakon a tsakar gida, ya samu wani lungu a bayan tashar Kawo ya koma can. Daga nan rayuwar gidanmu ta sauya. Yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Babu mai leƙowa da hantsi ya tambaya ko mun karya, babu mai gyara mini allo idan ya tsage. Ƙanena Nura ya tashi bai san kama zarto ba.

Ba a yi shekara biyu ba sai muka wayi gari an zagaye filin da waya, an sauke bulo da yashi. Aka sare mangwaron duka biyu. Na ruga wurin Baba na ce ai kore ne, da idona na gani. Ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce, "Kin ji abin da matar ta faɗa." Ba mu taɓa sanin mai ginin ba. Leburorin suka ce wani ne ya ɗauke su, shi ma wani ne ya aiko shi.

Yau idan na je Badarawa gaida Inna, da ƙyar nake gane ƙofar gidanmu. Kowane zaure ya zama shago, ga mai cajin waya, ga mai gyaran janareta, ƙara ta ninka ta gudumar Baba sau ba adadi, kuma ba mai hanawa. Yaran layin a cikin gida suke wasa, don babu inda za su. Na girma na fahimci amfanin a ware wa kowane abu wurinsa, har nakan yi wa 'ya'yana bayani. Amma duk sanda na ji an ce an sake tsarin wata unguwa, abin da nake fara tambaya shi ne wa ya nema.

Baba da Alhaji Tanko sun ci gaba da sallah a sahu ɗaya har ƙarshen rayuwarsu, gaisuwa kawai ke haɗa su. Wataƙila Alhajin bai san hawa ba bai san sauka ba. Dukansu sun koma ga Allah, ba wanda ya tambayi wani.