Makullin Sito

Har yau idan aka tambaye ni me ya sa na bar jinya na karanta gudanar da asibiti, sai in ce sha'awa ce. Ƙarya nake yi. Haushi ne ya kai ni.

Lokacin ina nas a wani ƙaramin asibitin al'umma a Lokuwa. Manajanmu dattijo ne mai son girma, kuma dillalin shanu ne a gefe. Makullin siton magani a aljihunsa yake kwana, domin a ganinsa duk nas ɓarauniya ce. Ranar kasuwar shanu kuwa, da hantsi zai garƙame sito ya hau keke napep, sai la'asar mu gan shi da kashin shanu a takalmi.

A irin wannan rana aka kawo Goggo, ƙanwar babana da ta raine ni. Kububuwa ce ta sare ta a gonar gyaɗa a Betso. Kafin su iso ƙafa ta kumbura, dasashinta na tsattsafar da jini. Allurar dafin maciji tana nan cikin firjin sito, ni da hannuna na jera ta. Ƙofar ƙarfe ce kawai tsakanina da ita.

Na kira wayar manaja har na gaji. Da ya ga dama ya ɗauka, ina jin kukan shanu a bayansa, na ce, “Yallaɓai, goggona ce, maciji ne, a taimaka da makulli.”

Ya ce, “Sista, kowa ma goggon wani ne. Ina tsakiyar ciniki, ki sa mata ruwa ina zuwa.”

Bai zo ba, bai aiko ba. Muka nemo mai walda ya yanke ƙofar, amma dafin ya riga mu. Goggo ta cika tana riƙe da gefen rigata. Manaja kuwa da ya dawo, ƙofar ya fara dubawa.

Bayan shekara aka ba ni damar ƙaro karatu. Likitanmu ya zaunar da ni ya ce in yi digirin jinya, hannuna na da kyau, kada in ɓata shi a ofis. Gaskiya ya faɗa, kuma jinya nake so har cikin raina. Amma na riga na gani da idona: komai iya allurarka, sai mai makulli ya yarda. Na ce masa gudanarwa zan karanta. Ya ce me zan samu a can? Na ce kujerar wani.

Karatun bai yi min daɗi ba, wallahi. Kasafi, dokokin aiki, tsarin sayen kaya, abubuwan da ke sa ni hamma. Duk lokacin da na ji zan ajiye, sai in tuna kukan shanun nan a waya, in sake buɗe littafi.

Da na dawo da digirina, kwamitin asibiti ya ba ni shugabancin gudanarwa, tsohon manajan kuma aka mai da shi ƙarƙashina. Dattawan kwamitin suka roƙe ni kada in kore shi, yana da iyali. Na ce haba, wa ya ce kora? Ai ina da aikin da ya dace da shi.

Na sa aka yanka makulli aka ba kowace shugabar ɗakin jinya nata. Shi kuma na ɗora shi kan sito ranar kasuwar shanu, daga safe har magariba, a kan benci bakin ƙofar nan mai tabon walda. Ya zo ofishina yana murza hula.

“Ranki ya daɗe, a canza min rana. Abincina ke nan.”

Na ce, “Yallaɓai, kowa ma yana da abinci. Ina tsakiyar aiki.”

Ina kewar majinyata, ba zan ɓoye ba, hannuna har ƙaiƙayi yake idan na wuce ɗakin allura. Amma duk ranar kasuwa nakan zagaya ta wajen sito in gaishe shi da kyau, yana zaune yana jin tirelolin shanu na wucewa. Mutane na cewa in yafe, an daɗe. Goggo ce ke da wannan haƙƙin, kuma bai zo da wuri ya roƙe ta ba.