Ranar da Haggai Ya Miƙe a Taro

Haggai ɗan Kakuri ne, a Kaduna. Ubansa ya tsufa a masaƙa da katin ƙungiyar ƙwadago a aljihu, don haka shi Haggai ya taso da imanin cewa ma'aikaci marar ƙungiya maraya ne. Da wannan imanin ya gama digiri a Kuala Lumpur, ya samu aiki a wani kamfani mai amsa kiran kwastomomi, ya kama ɗaki a unguwar Taman Melati.

Shekara shida yana wurin, shi yake koya wa sababbi aiki, amma duk wanda ya koya wa sai ya wuce shi a albashi. Kwangilarsa ta shekara-shekara ce, kuma izinin zamansa a ƙasar a jikinta yake rataye. Mu 'yan gida da ke zaune a can duk mun san haka, shi ma ya sani.

Da abokin aikinsa Hafiz, ɗan ƙasar, ya ce ana kafa ƙungiya, Haggai ne baƙon farko da ya shiga. Matarsa Christy ta roƙe shi har da hawaye.

"Baban Ƙauna, kai baƙo ne fa. Just pay your dues ka yi shiru."

Ina! Ranar zama da manajoji, 'yan ƙasa suna magana ƙasa-ƙasa da murmushi, kamar masu neman aure. Haggai ya miƙe irin na Kakuri, ya bugi tebur, ya faɗi abin da kowa ke gunaguni a kai a shagon shayin da 'yan ƙasar ke kira mamak. Babu wanda ya tafa, amma a waje kowa ya ba shi hannu.

Ƙarin albashi ya fito, sai dai na ma'aikatan dindindin ne kawai. A watan ne aka ce masa ba za a sabunta kwangilarsa ba. Ya je wurin Hafiz, wanda ya zama sakataren ƙungiyar.

"Sorry lah, brother. Ba korarka aka yi ba, contract ne ya ƙare. Ba mu da case."

Har yau abin yana ci mini rai, don Hafiz ba ƙarya ya yi ba.

A makonsa na ƙarshe aka ba shi wani sabon yaro ɗan Jos, Noah, ya koya masa aiki. Yaron ya tambaye shi ko ya shiga ƙungiya. Sai Haggai ya mayar masa da tambaya.

"Kana da yara?"

"Ɗaya, sir."

"To kada ka shiga."