Muryar Malam a Ƙarƙashin Darduma

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Gwaram daga Birnin Kudu, ni da abokin aikina, ina rungume da sabon faifan kwamfuta a jaka kamar jariri. Damina ta cinye gefen titi, direba kuwa ba ruwansa, duk ramin da ya faɗa sai na ƙara ƙanƙame jakar. Abokina yana ta cin ƙosai yana mitar yadda ya ƙanƙance bana. Ni ko ɗaya ban ci ba, hankalina na kan faifan.

Wata makarantar Islamiyya ce ta kira mu gyaran kwamfuta. Malamin da ya kafa ta ya rasu bara. Tafsirinsa na shekara da shekaru an kwashe shi daga kaset zuwa saba, wato babbar kwamfutar ajiyarsu, kaset ɗin kuma tuni suka lalace. Faifai huɗu ne a cikinta, an haɗa su suna aiki kamar guda. In ɗaya ya mutu, ukun za su riƙe. In biyu suka mutu, muryar Malam ta tafi ke nan, babu kwafi ko'ina.

Babban ɗan Malam ya kai mu ɗakin karatu, na waiga ban ga saba ba. Ashe tana can saman kanta, an lulluɓe ta ruf da darduma mai kauri. Ya ce Inna, mahaifiyarsu, ita ta sa aka yi haka, don ba ta yarda a bar abin da ke ɗauke da karatun Alƙur'ani a buɗe ba. Da na yaye dardumar, wani zafi ya buso mini fuska. Faifai ɗaya ya riga ya mutu, wani kuma yana ƙas-ƙas-ƙas.

Sai da na duba lambar mataccen na sake dubawa kafin na zare shi, don in na zare mai rai na gama da su. Na sa sabon, saba ta fara gina shi daga abin da ke cikin ukun, har da mai ƙas-ƙas ɗin nan. Muka kafa mata fanka, muka tayar da janareta. Aka kawo fura da nono mai sanyi, abokina ya shanye tasa ya haɗa da tawa. Idona na kan allon kwamfutar, duk ƙarar da faifan ya yi sai na miƙe na leƙa shi.

Bayan la'asar ginin ya kammala. Na kashe saba na kunna, sai ga fili fetal a allon. Rumbunan da aka yanka a kan faifan, na tafsiri daban, na hadisi daban, babu ko ɗaya. Ɗan Malam ya tambaye ni ko lafiya, na ce ya ɗan ba ni lokaci. Na lalubo tsohon tsarin rabon da saba ke adanawa, na mayar, na tashe su. Suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa karatun farko. Murya ta cika ɗakin, dattijo ya yi gyaran murya ya yi sallama. Daga bayan labule muka ji Inna ta amsa a hankali:

"Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da zuwa."



Na kwafe komai a wani faifai na daban da muka zo da shi, na damƙa wa ɗan. Na durƙusa na ce wa Inna wannan abin iska yake so, rufi ne ke kashe shi. Sai ta ce to a shimfiɗa dardumar a ƙarƙashinsa, kada dai a bar Malam a kan katako.

Mun shigo Birnin Kudu ana kiran magariba. Na koyi cewa bayan haɗa wa mutane na'ura, dole ka tambayi yadda za su girmama ta. Ina sauka na buga wa mahaifina waya, na ƙyale shi ya yi ta magana ban katse shi ba.